Sista Elizabeth Kenny: Matar da Ta Kwance Shanyayyu daga Karan Ɗori

A asibitocin ƙasar nan kusan kowace ma'aikaciyar jinya Sista ake kiranta, ko ta kai muƙamin ko ba ta kai ba. Mutanen Amurka ba su saba da wannan kira ba, saboda haka sa'ad da Elizabeth Kenny ta sauka ƙasarsu a shekarar 1940, da yawa suka zaci sistar ɗarikar Katolika ce wadda ta keɓe kanta ga hidimar Allah. Muƙamin kuwa na soja ne, a Yaƙin Duniya na Ɗaya ta same shi. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne, matar ba ta taɓa riƙe takardar shaidar kammala makarantar jinya ba. Duk da haka, cikin 'yan shekaru kaɗan sai ga likitoci da nas-nas suna tururuwa daga jihohi daban-daban, suna zama a gabanta tana koya musu yadda ake kwantar da shanyayyen yaro da yadda ake motsa masa gaɓoɓi tun cikin kwanakin farko na ciwon.

An haife ta ranar 20 ga Satumba, 1880, a garin Warialda na jihar New South Wales, a ƙasar Ostiraliya. Mahaifinta, Michael Kenny, manomi ne da ya yi ƙaura daga ƙasar Ailan; mahaifiyarta, Mary, haifaffiyar Ostiraliya ce. Iyalin sun yi ta sauya mazauni suna neman gona mai albarka, har suka zauna a ƙauyen Nobby a jihar Queensland. Karatun da Elizabeth ta samu bai wuce na firamare ba, shi ma a tsinke. Ta tashi tana hawan doki kamar 'yan'uwanta maza, ta koya wa kanta kiɗan fiyano, ta kuma koyar da yara a makarantar Lahadi a lokacin ƙuruciyarta.

Tana da kimanin shekara 17 ta faɗo daga kan doki ta karye a wuyan hannu. Aka kai ta garin Toowoomba wurin Dokta Aeneas McDonnell. Yayin da take jiran ɗorin ya kama, sai ta shiga duba littattafan likitan masu nuna ƙasusuwa da tsokokin jikin mutum. Da ya ga tana da marmari, ya bar ta ta karanta, ya riƙa amsa tambayoyinta. Ta koma gida ta haɗa wani kwaikwayon ƙwarangwal da hannunta domin ta gane yadda tsoka take jan ƙashi, sa'an nan ta gwada abin da ta koya a kan ƙanenta Bill, wanda ya tashi raunanne, tana sa shi motsa jiki har ya yi ƙarfi. Abotarta da McDonnell ta ɗore har ƙarshen ransa.

Daga baya ta zauna a garin Guyra, inda ta yi dillancin dankalin Turawa tsakanin manoma da kasuwannin Brisbane, ta kuma yi aiki a wani ƙaramin gidan jinya tana koyon abin da za ta iya. Da kuɗin dankalin ta sa tela ya ɗinka mata kayan nas, ta koma Nobby ta fara yawo a kan doki tana karɓar haihuwa, tana jinyar mutanen da asibiti ya yi musu nisa. Yau doka ba za ta bar kowa ya yi haka ba, kuma doka tana da gaskiya. Amma a dajin Queensland na wancan zamani, iyalin da suka rasa irinta ba su da wani sai Allah.

Bargo da ruwan zafi

Bisa ga abin da ta rubuta a tarihin rayuwarta na 1943, wata rana ce aka kira ta wata gona ta duba wata ƙaramar yarinya da ke kwance cikin azaba, ƙafarta ta lanƙwashe, ba ta yarda a taɓa ta. Kenny ba ta taɓa ganin irin wannan ciwo ba. Ta aika wa McDonnell saƙon tangaraho, amsa ta dawo cewa shan inna ne, ba a san maganinsa ba, sai ta yi iyakar ƙoƙarinta da alamun da take gani. Abin da take gani kuwa tsoka ce da ta ɗaure tamau. Ta gwada ɗumama wurin ta hanyoyi daban-daban, a ƙarshe ta yayyaga bargon ulu, ta tsoma cikin tafasasshen ruwa, ta matse shi sarai, ta naɗe ƙafar. Yarinyar ta samu barci. Da zafin ciwon ya lafa, Kenny ta fara motsa ƙafar a hankali, tana nuna wa yarinyar yadda za ta sāke amfani da ita. Ta ce yara shida ta yi wa haka a wannan yankin, dukansu suka tashi. Labarin daga bakinta ya fito, masana tarihi na baya kuma sun nuna shakka a kan wasu sassansa. Abin da babu jayayya a kai shi ne, hanyar da ta bi ta saɓa wa abin da ake koyarwa a makarantun likitanci na lokacin.

Ya kamata a fahimci dalilin likitocin, gama ba marasa tunani ba ne. Ƙwayar cutar shan inna tana shiga ta baki, yawanci ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. A jikin yawancin yara takan wuce ba tare da ɓarna ba, amma a wasu kaɗan takan kai ga lakar baya ta hallaka jijiyoyin da ke ba tsoka umarni. Idan tsokar gefe ɗaya ta raunana, ta ɗaya gefen da ke da ƙarfi sai ta rinjaye ta, ta ja gaɓar ta karkace. Domin a hana wannan karkacewa, likitoci suka ce a ɗaure gaɓar a miƙe, kada ta motsa ko kaɗan. Sai a sa yaro cikin karan ɗori na ƙarfe da fata, ko a zuba masa filastar nan mai ƙanƙara kamar siminti, wani lokaci daga ƙirji har tafin ƙafa, ya yi watanni a haka. Ranar da aka fasa filastar, sau da yawa sai a tarar da ƙafa ta tsotse kamar sanda, gwiwa ta ƙage, har tsokokin da cutar ba ta taɓa ba sun lalace saboda rashin aiki. Akan ɗora wa cutar laifin duka, alhali wani kaso na ɓarnar daga jinyar ya fito. Wannan ne abin da Kenny ta gani da idonta, ta kuwa ƙi yin shiru a kansa har mutuwarta.

Kafin ta kai ga wannan gwagwarmaya, shekaru ashirin sun wuce cikin wasu ayyuka. Ta buɗe ƙaramin asibiti a garin Clifton. A 1915 ta shiga rundunar jinya ta sojan Ostiraliya, ta yi aiki a jiragen ruwan da ke dawo da sojojin da suka ji rauni daga Turai, jiragen da ke tafiya da fitilu a kashe saboda tsoron abokan gaba. A 1917 aka ba ta muƙamin Sista, wanda ya yi daidai da na laftana. Bayan yaƙi ta koma Nobby ta yi jinyar masu murar annoba ta 1919. Ta ƙera wani gadon ɗaukar majinyaci mai hana girgiza a mummunar hanya, ta sa masa sunan Sylvia, yarinyar da aka fara ɗauka a kansa, ta yi rajistarsa a 1927. Ba ta yi aure ba, amma ta ɗauki riƙon wata yarinya mai suna Mary, wadda ta girma ta zama babbar mataimakiyarta.

Bayan annobar shan inna da ta auka wa Queensland a 1932, Kenny ta fara jinyar yara a garin Townsville a ƙarƙashin rumfa a bayan wani otal. Iyaye suka ga 'ya'yansu da aka fid da rai da su suna zama, wasu suna tsayawa, labari ya bazu. A 1934 gwamnatin jihar ta ɗauki nauyin aikin, aka kuma buɗe wasu wuraren jinya da sunanta a Brisbane da wasu garuruwa. Manyan likitoci ba su ji daɗi ba. A 1935 aka kafa hukumar bincike ta likitoci, wadda ta fitar da rahotonta a 1938, ta yanke cewa barin ɗaure gaɓoɓi babban kuskure ne mai haɗari. Gwamnati ta karɓi rahoton ta ajiye, ta ci gaba da ba da kuɗi, domin jama'a suna bayan matar. A tsakanin nan ta je Ingila a 1937, aka ba ta wuri a asibitin yara na Queen Mary da ke Carshalton. Hukuncin likitocin can ya fi sassauci, amma su ma ba su amince da yawancin abin da take da'awa ba.

Tana da shekara 59 ta kama hanyar Amurka tare da Mary, riƙe da takardun gabatarwa daga wasu likitocin Brisbane da suka yarda da ita. A New York da Chicago an saurare ta cikin ladabi aka sallame ta. A asibitin Mayo aka shawarce ta ta nufi birnin Minneapolis, inda akwai masu cutar a kwance. A can ta gamu da likitoci uku, Wallace Cole da Miland Knapp da John Pohl, waɗanda suka yi abin da wasu suka ƙi yi: suka ba ta majinyata suka tsaya suna kallo. Ɗaya daga cikin na farko wani saurayi ne da Pohl ya daɗe yana jinya ba ci gaba. Kenny ta cire masa ƙarafan da aka ɗaure shi da su, cikin watanni ya samu sauƙin da likitansa bai zata ba. Aka ba ta ɗaki a babban asibitin birnin. A Disamba 1941 kwamitin likitoci na Gidauniyar yaƙi da shan inna ta ƙasa, wadda Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa a 1938, ya amince da hanyarta. Shi kansa Roosevelt shanyayye ne daga ƙugu zuwa ƙasa. A Disamba 1942 aka buɗe cibiyar jinya mai ɗauke da sunanta a Minneapolis.

Abin da take koya wa nas-nas

Kenny ta san hannu biyu ba za su isa dubban yara ba, don haka mafi yawan ƙarfinta a Amurka a kan koyarwa ya tafi. Jami'ar Minnesota ta shirya kwasa-kwasai: na 'yan kwanaki domin likitoci, na watanni domin nas-nas da ma'aikatan motsa gaɓoɓi. Ita kuwa kullum ƙorafinta shi ne lokacin bai isa ba, domin aikin a yatsu yake, ba a iya haddace shi daga littafi.

Darasin fari a kan gado yake. Ba ta yarda da katifa mai lotsawa ba; akan shimfiɗa katako a ƙarƙashinta domin bayan yaro ya miƙe. A ƙarshen gadon akan kafa allo, a bar 'yar tazara tsakaninsa da katifa, yadda tafin ƙafa zai dafa allon kamar mai tsayuwa, diddige kuma ya sauka cikin tazarar ba tare da ya gogu ba. Manufar ita ce jiki ya kwanta a siffar mutumin da ke tsaye, kada ƙafa ta saki ta zube gaba ta ƙage a haka. Ana juya yaron, ana duba yadda kafaɗa da ƙugu suka zauna, ba a bar shi ya dunƙule wuri guda domin gudun zafi ba.

Na biyu shi ne gashi. Akan yanka ulu daidai girman kowace tsoka, a tafasa, a matse a na'urar matse wanki har sai babu ɗigon ruwa, gama ruwan da ya rage shi ke ƙona fata. A naɗa a kan tsokar, a rufe da abin da ba ya shan ruwa, a ƙara busasshen ulu a sama. Ba a naɗe gaɓar kanta, domin a bar ta ta iya lanƙwasawa. Ana sabunta naɗin bayan kowane sa'o'i biyu tun safe har dare, ga mai tsananin ciwo ma fiye da haka. Waɗanda suka kwanta a irin waɗannan ɗakuna suna yara sun tsufa suna tuna warin jiƙaƙƙen ulu.

Na uku, wanda ta fi ɗauka da muhimmanci, shi ne sāke koya wa tsoka aikinta. Nas za ta riƙe gaɓar ta motsa ta a hankali iyakar inda zafi ya bari, ba ta tilasta ba. Sa'an nan ta shafa daidai inda tsokar ta manne da ƙashi, ta faɗa wa yaron sunanta, ta ce ya sa hankalinsa a wurin yayin da ita take motsawa. Sai an yi haka sau da yawa kafin a bar shi ya gwada da kansa, kuma da zarar ya fara satar motsin da wata tsoka dabam, sai a tsayar da shi a koma farko. Yara a ɗakunanta sun san sunayen tsokokinsu da harshen Latin. A ganinta majinyaci abokin aiki ne, dole a yi magana da shi, a nemi haɗin kansa.

Wannan aiki ne mai cin rai, na tsayuwa da sunkuyo da ƙunar yatsu, ba shi da wani abin nunawa a rana ɗaya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da nas-nas suka yi ƙaranci, iyaye mata da 'yan sa kai ne suka koyi naɗa ulun suka cike gurbin. Mai karanta Markus sura 2 zai tuna cewa shanyayyen nan na Kafarnahum bai kai kansa gaban Yesu ba. Mutum huɗu ne suka ɗauke shi har suka buɗe rufin ɗaki, Littafi Mai Tsarki kuma bai faɗi sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Yawancin waɗanda suka yi aikin da ya ɗaukaka sunan Kenny haka suka wuce, ba a rubuta su ba.

Suna kam ta yi. A 1943 ta ci abinci tare da Shugaba Roosevelt. A 1946 aka yi fim a kan rayuwarta, Rosalind Russell ta fito a matsayinta. A 1950 Majalisar Dokokin Amurka ta ba ta izinin shiga da fita ƙasar ba tare da biza ba. A ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta Gallup ta 1951 ita ce macen da Amurkawa suka fi girmamawa, ta sha gaban Eleanor Roosevelt.

Inda ta kauce

Tarihin da ya ɓoye aibin mutum bai yi wa masu karatu adalci ba. Kenny mace ce doguwa mai kwarjini da kaifin harshe, mai son manyan huluna, ba ta kuma iya jure musu. Takan kunyata likita a gaban ɗalibansa. Ta rage wa kanta shekara shida a abin da take faɗa wa mutane, ta kuma bar su suna zaton ta yi karatun jinyar da ba ta yi ba. Ta ɓata da Gidauniyar da ta tallafa mata, har suka rabu kafin yaƙi ya ƙare, ta kafa tata.

Babban kuskurenta kuwa a kan asalin cutar ne. Ta nace cewa shan inna ciwon tsoka da fata ne tun farko, ɓarnar jijiya kuma ba ita ce babbar matsala ba. Bincike bai goyi bayanta ba. Cutar a lakar baya take ɓarna, kuma jijiyar da ta mutu babu ulu ko tausa da zai tashe ta. Abin da hanyarta ta yi shi ne rage azaba, hana gaɓoɓi ƙagewa, da kiyaye tsokokin da suka tsira har jijiyoyin da suka rage su karɓi aikin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ne bambancin yaron da zai yi tafiya da sanda da wanda zai ja jiki a ƙasa. Amma ita ba ta gamsu da a ce jinyarta tana da amfani ba, so take a ce bayaninta ma daidai ne, ta kuwa ɓata shekarunta na ƙarshe tana neman wannan shaida daga masana, ba ta samu ba. Likitocin ma suna da nasu rabon laifi. Da yawa sun ƙi duba majinyatanta saboda mai maganar mace ce, 'yar ƙauye, marar digiri, yara kuwa suka ci gaba da kwana cikin filasta shekarun da ake wannan ja-in-ja.

Cutar makyarkyata da ake kira Parkinson ta kama ta. A 1951 ta bar aiki ta koma Toowoomba, garin da aka ɗora mata hannu tana budurwa. A can jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwarta, ta rasu ranar 30 ga Nuwamba, 1952, tana da shekara 72. Aka yi sujadar jana'izarta a majami'ar Methodist da ke titin Neil, aka binne ta a Nobby kusa da mahaifiyarta. Ba ta ga allurar rigakafin Jonas Salk ba, wadda aka tabbatar da ingancinta a 1955.

Daga shan inna zuwa shanyewar ɓarin jiki

Rigakafi ya kwashe yara daga ɗakunan jinyar Minneapolis, amma cibiyar ba ta rufe ba. Ta juya ga waɗanda suka ji rauni a laka da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, a 2013 kuma ta haɗe da wata cibiya, sunan Kenny yana nan a jikin sabuwar. A Nijeriya cutar ta daɗe fiye da haka. Sunanta na Hausa ma yana ɗauke da tsohon zaton cewa wata aljana ce, Inna, take shanye ƙafar yaro. An dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa a 2003, Kano ta koma yi a 2004, an ga na ƙarshen masu ainihin ƙwayar cutar a Borno a 2016, sai ranar 25 ga Agusta, 2020, aka bayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ana ci gaba da ɗiga wa yara maganin, kekunan guragu da ke kan tituna kuma sun isa su tuna wa iyaye dalili.

Shanyayyen da ake samu a gidaje yanzu yawanci babba ne: uba ko uwa mai hawan jini da aka wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun saki. Wannan ciwo dabam yake da shan inna. A ƙwaƙwalwa yake faruwa, sa'ad da jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, kuma abu na farko da yake bukata shi ne a garzaya asibiti a cikin sa'o'in farko. Ba Kenny ce ta tsara jinyarsa ba. A wannan fanni an fi ambaton Berta Bobath da mijinta Karel, waɗanda suka guje wa mulkin Nazi suka zauna a Landan, suka fara aikinsu a shekarun 1940. Amma ƙa'idar da Kenny ta sha zagi a kanta ita ce ginshiƙin abin da ake koya wa nas-nas a yau, wato gaɓar da aka bari a kwance ba motsi tana ƙara lalacewa a kan ɓarnar da ciwo ya riga ya yi, kuma yadda aka kwantar da mutum a makonnin farko yana cikin maganinsa.

Don haka ake horar da nas ta juya majinyaci kimanin kowane sa'o'i biyu, dare da rana, saboda gyambon kwanciya da ciwon huhu. Idan ya kwanta a kan lafiyayyen gefe, akan ɗora shanyayyen hannu a kan matashi a gabansa, ƙafar ma a kan matashi, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Idan a kan shanyayyen gefen ne, akan gyara kafaɗar ta fito gaba domin kada nauyin jiki ya danne ta. In ya zauna, ba a barin hannun yana lilo. Akan tallafe shi a kan tebur ko matashi. Ba a taɓa jan mutum ta shanyayyen hannu domin a tashe shi, gama tsokokin da ke riƙe kafaɗa sun saki, jan zai iya gocar da ita ya bar masa ciwon da zai hana shi motsa hannun har bayan ƙarfi ya fara dawowa. Ba a ba shi ruwa ko kunu sai an gwada haɗiyarsa, kuma a zaune. A asibitoci da yawa na ƙasar nan, inda nas ɗaya take duba gadaje masu yawa, 'yan'uwan da ke zaman jinya ne suke yin rabin wannan aiki, bayan sallama kuma dukansa. Ya dace su roƙi nas ko ma'aikacin motsa gaɓoɓi ya nuna musu da hannu kafin a bar asibiti, haka ma 'yan Zumuntar Mata da dattawan ikilisiya masu zuwa gaishe da marasa lafiya.

Batun lokacin da za a fara tayar da majinyaci daga gado ma an auna shi, kuma daga ƙasar Kenny aka jagoranci binciken. A 2015 aka buga sakamakon wani babban gwaji mai suna AVERT, wanda Farfesa Julie Bernhardt ta Melbourne ta shugabanta, a kan majinyata 2,104 a ƙasashe biyar. Waɗanda aka tayar da su tun cikin sa'o'i 24 na farko, aka kuma yawaita musu motsi, kashi 46 cikin ɗari ne suka samu kyakkyawan sauƙi bayan wata uku; waɗanda aka bi da su yadda aka saba, kashi 50. Ashe gaggawa da yawan motsi a ranar farko suna iya cutarwa. Abin da nazarin ya nuna ya fi amfani shi ne tashi na ɗan gajeren lokaci, sau da yawa a yini, bayan likita ya ga jikin ya daidaita.

Akwai kuma abubuwa biyu na Kenny da ba a ɗauko su zuwa wannan jinya ba. Allon da take kafawa a ƙarshen gado, masu bin koyarwar Bobath sukan guje shi ga mai shanyewar ɓarin jiki, domin tokarar tafin ƙafa tana iya ƙara sa tsokar ta ɗaure. Na biyu shi ne gashin. Yaron da shan inna ya kama yana jin zafi da sanyi sarai, zai yi kuka in ulu ya yi zafi da yawa. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa sau da yawa ba ya jin komai a wannan gefen, wani ma bakinsa ba ya iya faɗa. Tsumman ruwan zafi, ko kwalbar ruwan zafi, ko kaskon wuta da aka matso da shi kusa da ƙafarsa saboda ƙauna, yana iya ƙona shi har nama ba wanda ya sani sai an ɗaga mayafi.